Zazzaɓin Kaska a Gidan Goggo Mariya

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. A ofis, a gidan suna, har a layin cefane sai wata ta tare ni: "Balaraba, wai da gaske yaƙin kaska kuka je koyowa?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya tafi da nasa ɓangaren ya ƙara gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, yadda ya faru.

Ni ma'aikaciyar lafiyar dabbobi ce a Sakkwato. Aikina allurar shanu da awaki, da duba dabba a mayanka kafin wuƙa ta hau ta. An tura ni wani taro a Yamai da ya haɗa ma'aikatan lafiyar mutane da na dabbobi daga ƙasashe maƙwabta, kan yadda jama'ar gari za su kasance cikin shiri idan wani ya kawo hari da ƙwayoyin cuta, musamman cututtukan da kaska ke ɗauka. A takardar gayyata an ce kowa ya zo da samfurin kaskar yankinsa, matattu, a jiƙe cikin sifirit, don mu koyi bambanta irinsu. Na je kara na tsinto, na zuba a 'yan kwalabe, na naɗe su cikin ɗankwali na tura ƙasan jaka.

Daga Sakkwato zuwa Illela babu abin faɗi, hanyar gida ce. A ɓangarenmu na iyaka aka buga mini hatimi na wuce. Ina shiga ɓangaren Konni wani jami'in lafiya da ke zaune ƙarƙashin rumfa ya miƙo hannu ya ce, "Madan, karne."

Na ce, "Ban zo da karnai ba, ni kaɗai ce."

Ya dube ni, ya dubi abokin aikinsa, suka yi dariya har da riƙe tebur. Ashe katin rigakafi suke kira karne. Ni kuwa da na saba da masu kawo mini karnukansu allura, kunnena can ya tafi. Na fito da katin, ya duba, ya ce in gaida karnan Sakkwato idan na koma.

A wurin 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu, dariya ta ƙare. Jami'in ya zazzage jakata, ya warware ɗankwalin, ya ɗaga kwalba ɗaya sama yana kallo.

"Wannan mine ne?"

"Kaska ce."

"Kaska za ki kai ma mutanen Yamai?"

Na miƙa masa takardar gayyata don in wanke kaina, sai na ƙara dagula lamarin, domin da Faransanci aka rubuta ta kuma kalmar hari na can sama da manyan baƙaƙe. Ya nuna mini benci ya ce in zauna. Na daɗe a kan bencin nan har ƙafata ta yi tsami, kafin shugabarsu ta zo, wata doguwar mata mai harshen mutanen Tawa. Ta girgiza kwalbar, ta ga babu mai motsi, ta kira lambar da ke jikin takardar, ta yi magana ta ajiye. Da kanta ta sake naɗe mini kwalaben. Ta ce, "Ki tafi. Amma kada ki buɗe su cikin mota, kuma kada ki gaya ma kowa abin da kike ɗauke da shi. Mutane ba su da natsuwa yanzu."

Kafin in iso tashar Konni motar Yamai ta tashi. Na kwana a zauren mata na kamfanin motar, kan tabarma, da jakata a matsayin matashi, na bi ta asuba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babbar motar nan, da suke kira kar, ba ta jiran cika. An rubuta sunanka a tikiti, a tsaya bakin ƙofa a kira ka kamar a aji, lokaci na yi a tashi ko da kujeru a wofi. Na tuna yadda muke zama a tasha a gida, direba na rantsuwa saura mutum ɗaya tun hantsi har azahar. A gefena wata Hajiya ce 'yar Maradi mai sayar da turaren wuta a Yamai. Ita ta riƙa taɓa ni in fito da katin shaida duk inda jandarmomi suka tsayar da mu, kuma sun tsayar da mu sau da yawa: kowa ya sauka, ya bi layi, a duba fuska a duba kati, a tako a ƙasa a tarar da motar a gaba. A Dogon Dutse ta saya mini gasasshiyar zabuwa ta hana ni biya. A Doso ta koya mini gaisuwar Zabarmanci, ta ce in na riƙe "fofo" da "kala suru", wato sannu da yi haƙuri, ba zan ɓata a Yamai ba. Kafin mu shiga gari mutane suka yi ta nuna taga wai ga raƙuman dawa. Ina wancan ɓangaren, kafin in miƙe an wuce. Don haka masu tambayata raƙumin dawa, ban gan shi ba.

Masu taro sun tanadi otal, amma mahaifina ya ce ba zan je Yamai in kwana a otal ba alhali ƙanwarsa na gari. Goggo Mariya ta yi aure can tun kafin a haife ni, a unguwar Banifandu. Kwatancen da ta yi mini a waya shi ne bayan farmasi, wato kantin magani, kusa da famfo, gida mai raguna. Tasi a Yamai ba naka ba ne kai kaɗai: ka faɗi unguwa, in ta yi daidai da hanyar waɗanda ke ciki direba ya ɗaga kai, in ba ta yi ba ya ja motarsa ko kallonka bai sake yi ba. Sai da huɗu suka bar ni tsaye kafin na gane ba wulaƙanci ba ne.

Gida mai raguna kuwa bai ɓuya ba. Sallar layya ta matso, mijin Goggo, Alhaji Isuhu, sana'arsa ke nan. Raguna a ƙofar gida, raguna a tsakar gida, wasu manya farare masu baƙin kai da ban cika ganin irinsu a wajenmu ba. Goggo ta rungume ni tana kuka tana cewa na ɗauko goshin yayanta. Ta ajiye mini dambu da kopto, wato zogale da aka kwaɗa da ƙuli, sai dai nasu ya fi namu mai da albasa. Da safe kuwa burodi ne dogo kamar sanda, mai ɓawo, wanda ya fasa mini dasashi ranar farko. Ta ce in bari in ga Sallah a Yamai: ba a soya nama ranar farko kamar yadda muke yi, buɗe ragon ake yi a tsire shi a kan sanduna, a jera na dukan layi a kewaye wuta guda, ya wuni yana gasuwa.

Washegari da safe na tarar da Alhaji Isuhu tsugune gindin wani rago yana cire masa kaska daga ƙarƙashin wutsiya. In ya ciro sai ya matse ta tsakanin farce biyu, jini ya fashe, ya goge a ƙafar wandonsa.

Na ce, "Baba Alhaji, da ka daina fasa su da hannu. Akwai cutar da ke cikin jinin nan. Ka sa hantsaki, ka jefa su cikin kananzir."

Ya ce, "Ɗiyata, tun ba a yi auren uwarki ba nike wannan aiki. Ki ci burodinki ki tafi lakwal." Makaranta ke nan a bakinsu, taron namu yake nufi.

Yawancin ragunan wani Bafulatani ne ke kawo masa, Buba, mutum mai furfura a gemu wanda ba ya son yawan magana. Duk shekara yakan sauka da garkensa a gefen Saga, bakin kogi, Alhaji ya je ya zaɓa kafin a kai saura turaku, abin da mu muke ce wa kara. Sun fi shekara ashirin suna wannan hulɗa. Na gan shi sau ɗaya a farkon zuwana, suna shan shayi da Alhaji a ƙofar gida.

A wurin taro kusan komai da Faransanci ake yi. Allah ya haɗa ni da wata likita, Lokotoro Hamsatu, Bazabarmiya 'yar Gamkalle, ta zauna kusa da ni tana juya mini. Hausarta ta kasuwa ce, takan ce wa namiji "ta" ta ce wa mace "ya", amma ban taɓa kasa gane ta ba.

Na je da zaton za a nuna mana wasu manyan na'urori. Abin da aka fi nanatawa ƙanana ne. An yi doguwar muhawara kan ko kaska za ta iya zama makami a hannun mugu. Wasu suka ce abin tsoro ne da bai kamata a raina ba, wasu suka ce kaskar da ke jikin dabbobinmu yau ta ishe mu aiki ko babu mugu. Mai jagorantar zaman ya ce wannan binciken na hukuma ne da ɗakin gwaji. Abin da ya shafi mutumin gari iri ɗaya ne, ko cutar ta zo da kanta ko kawo ta aka yi: ya lura in zazzaɓi ya zo da baƙon salo, ko mutane da yawa suka kwanta lokaci guda, ko dabbobi suka fara faɗuwa. Ya san wanda zai kira. Kada ya taɓa jinin majiyyaci ko na dabba da hannu tsirara. Ya ajiye sabulu da safar hannu da ruwa mai tsabta a gida. Kuma kada ya yaɗa abin da bai tabbatar ba. An yi mana bayanin wani zazzaɓin kaska mai sa zubar jini, wanda ke kama makiyaya da mahauta da masu jinya, kuma yana kisa. An ce akwai wasu masu sauƙi da ƙwayar magani ke warkarwa, sai dai a farko duk kamarsu ɗaya da zazzaɓin sauro.

Aka fitar da mu atisaye a lambunan Gamkalle. Aka sa mana fararen kaya masu rufe mutum daga kai har ƙafa, da takalman roba, a ce wai an sami rahoton masu lambu sun kwanta, mu je mu yi tambayoyi mu ɗauki samfur. Zafin cikin kayan nan ban taɓa jin irinsa ba. Takalmina ya nutse a taɓon fangalin latas, na ja ƙafa ta fito ta bar shi, na tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe har Hamsatu ta zo ta ciro mini. An sanar da mai unguwa tun kafin mu zo, amma ba kowa labarin ya isa ba. Na ga mutane a kan hanya sun tsaya suna ɗaukar mu hoto da waya. A lokacin dariya abin ya ba mu.

Ana cikin kwanakin taron Alhaji Isuhu ya kwanta. Zazzaɓi, ciwon kai, ciwon jiki. Ya sha maganin zazzaɓin sauro daga farmasi bai sauka ba. Wata safiya ina shirin fita na ji Goggo na kirana daga ɗakinsa. Haɓo ne ya ɓalle masa, ta tare da gefen zanenta da tafin hannunta, jinin ya ɓata mata har wuyan hannu.

Na ce, "Goggo, saki. Je ki wanke hannu da sabulu, ki cire zanen nan ki sa a leda, kada ki taɓa fuskarki."

Ta ce, "Mijina ne fa, Balaraba."

"Na sani. Je ki wanke tukuna."

Na sa safar hannu daga cikin waɗanda aka raba mana, na ba shi tsumma ya riƙe da kansa, na sa ya sunkuyar da kai gaba. Da na duba jikinsa na ga wani baƙin ɓawo a bayan gwiwarsa, wurin da kaska ta ciza, da kaluluwa a matsematsinsa. Na kira Hamsatu na gaya mata abin da na gani.

Alhaji ya ji ni. Ya ce, "Kada ki tara mini jama'a. Zafi ne, duk bazara nikan yi haɓo. In aka ga motar likita a ƙofar gidan nan, wa zai sayi rago a hannuna?"

Gaskiya ya faɗa, kuma na san abin da shekararsa gaba ɗaya ta dogara a kai ke nan. Na ce, "Baba Alhaji, mai yiwuwa zafin ne. In kuma ɗayan ne, Goggo ta riga ta taɓa jinin. Gara a sani yau."

Ya juya ya dubi Goggo da ke tsaye bakin ƙofa da hannuwa jiƙe. Sannan ya sunkuyar da kai ya ci gaba da riƙe tsumman.

Motar asibiti ta zo da mutane cikin fararen kayan nan irin waɗanda muka sa a Gamkalle. Suka tafi da shi, suka ɗebi jininsa, suka killace shi a ɗaki shi kaɗai. Ni da Goggo aka ce mu zauna gida, kada mu fita, kada mu karɓi baƙi, mu riƙa auna zafin jikinmu safe da yamma har sakamako ya fito. Nan taro ya ƙare a wajena. Hoton rufe taro da kuke tambaya, ba na ciki.

Zaman jiran nan shi ne mafi wuya. Goggo ba ta iya zama, sai ta share inda ta riga ta share. In na miƙa mata ma'aunin zafi sai ta rufe ido kafin in karanta. Maƙwabta suka riƙa ajiye mana abinci a bakin ƙofa su ƙwanƙwasa su ja baya, wannan kam na yaba musu. Ragunan kuwa mu biyu muka riƙa ba su dusa da ruwa, babu mai zuwa taya su.

Sai wata maƙwabciya ta turo wa Goggo wani saƙon murya da ke yawo a wayoyi. Goggo na jin muryar ta gane ta: Mamman Sani ne, direban babbar mota da ke gida na uku daga nasu. Yana cewa jama'a a yi hattara, an ga masu fararen kaya a Gamkalle, yanzu ga su a Banifandu, maƙiya ne suka sako kaska mai guba cikin ragunan Sallah, kuma wanda ya kawo wa Alhaji Isuhu nasa wani Bafulatani ne da ke sauka a Saga. An haɗa da hoton atisayenmu. Na ƙura ido na ga kaina a ciki, tsaye da takalmi ɗaya.

Goggo, wadda na ba labarin Konni tun ranar da na iso, ta ce, "Ke, kwalaben nan naki fa?"

Na ce na miƙa su wurin taro tun ranar farko. Ta ce, "To ki rufe bakinki a kansu. Ko ni ban taɓa ganinsu ba."

Buba ba ya da irin wayar da saƙon ke shiga. Shi dai ya ji abokinsa ba lafiya, ya tako da la'asar da ƙwaryar nono ya zo dubiya. Muna tsakar gida muka ji hayaniya a bakin layi. Na leƙa ta ƙofa na hango shi a ƙasa, samari sun kewaye shi, ɗaya da itace. Nonon ya malale a kan yashi.

An ce kada mu fita. Goggo ta ture ni ta buɗe ƙofar gaba ɗaya, ta tsaya a kan dokin ƙofa ba mayafi. Ta kira samarin da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da sunayen uwayensu, da Hausa da Zabarmanci. Ta ce, "Ni ce na taɓa jinin Alhaji da hannuna. Duk wanda ya sake ɗaga itace, zan tako in riƙe shi da hannun nan." Ta ɗaga tafinta sama.

Suka ja baya. Kafin nan liman ya fito daga masallaci da wasu dattawa, aka ɗaga Buba, aka sa shi a tasi zuwa asibiti. An karya masa hannun hagu. Ni ina tsaye bayan Goggo. Ni ce baƙuwar da ta ƙetaro iyaka da kaska a jaka, ni ce a cikin hoton, amma mutumin da ya zo da nono aka kama.

Na kira Hamsatu na gaya mata. Ta ce, "Kala suru. Mun yi atisayen cuta, ba mu yi na wannan ba." Ta ce za ta kai maganar gaban masu taro, kuma daga baya ta gaya mini sun shafe zaman ƙarshe a kanta: wa ya kamata ya fara yi wa unguwa bayani kafin mota ta iso, liman ne ko mai unguwa ko shugabar mata, da wane harshe, kuma a bakin wa jama'a za su yarda.

Da sakamako ya fito Hamsatu da kanta ta zo gida, ba fararen kaya, da atamfarta. Ta ce ba mai zubar da jinin ba ne. Zazzaɓin cizon kaska ne, irin wanda ƙwayar magani ke kashewa, kuma sun riga sun fara ba shi tun da suka ga baƙin ɓawon. Haɓon kuwa na zafi ne, kamar yadda ya faɗa. Goggo ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta rufe fuska da hannuwan da ta yi kwanaki tana tsoron kai su fuska.

Alhaji ya dawo ya rame, yana tafiya a hankali. Na ɗauka zai ce mini ga abin da na jawo. Abin da ya ce shi ne, "Na gaya miki zafi ne." Na ce ya gaya mini. Ya ce, "Amma kaskar ma ta yi nata." Daga nan bai sake tada maganar ba. Da aka ba shi labarin Buba, ya ajiye kofin kunun da ke hannunsa ya ce a nemo tasi.

Na raka shi Saga. Hanya ta bi gefen fadamun shinkafa, muka sauka muka ƙarasa da ƙafa zuwa inda Buba ya kafa rumfar zana. Yana zaune da hannu a ɗaure rataye a wuya, sauran ragunansa na kewaye da shi, domin tun da saƙon ya fita babu wanda ya taya ko ɗaya. Suka gaisa doguwar gaisuwa, lahiyar gida, lahiyar bisashe, kamar babu abin da ya faru. Sannan Alhaji ya ce, "A ƙofar gidana aka yi maka wannan."

Buba ya ce, "Ba kai ka yi ba."

Alhaji ya miƙo mini wayarsa ya ce in danna masa wurin ɗaukar murya. Ya faɗi sunansa da unguwarsa, ya ce shi ne wanda aka ce an kashe da kaska mai guba, ga shi da ransa. Ya ce ciwon da ya yi na cizon kaska ne da ya daɗe yana fasawa da hannu, likita sun ba shi magani ya warke. Ya ce masu fararen kaya ma'aikatan lafiya ne, kuma Buba amininsa ne, ragon da zai yanka wa iyalinsa bana daga garken Buba zai fito. Ya sa na tura wa duk wanda ke cikin wayar. Buba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ya yi tsawo. Waɗanda suka buge ni ba su jin magana mai tsawo." Alhaji ya zaɓi rago, Buba ya ce zai zauna nan har bayan Sallah, hannun bai isa tafiya ba.

Kafin in taso na bar wa Alhaji hantsakina da sauran kwalin safar hannu. Dawowa ba ta da labari, sai dai a Konni jami'in karne ya gane ni ya tambayi lafiyar karnai. Da na koma aiki, abin da na fara yi shi ne zuwa wurin sarkin pawa da limamin kara da shugabar masu sayar da fura, muka yi musayar lamba, muka yi magana kan wanda zai fara buɗe baki in wani abu ya taso.

Ranar Sallah da hantsi Goggo ta kira ni. Ta ce ragunan sun fita, ba duka ba, kuma ba a farashin da aka so ba. Ta ce Alhaji ya yi yanka da fiɗa da safar hannu, maƙwabta na yi masa dariya wai ya zama lokotoro, daga baya kuma suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya suna roƙon nasu. Ya ba kowa. Can sai ga Mamman Sani ya shigo da sallama, ya yi barka da Sallah, ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce ko akwai saura.

Alhaji ya ɗaga kwalin ya nuna masa, ya ce, "Akwai. Ka je Saga wurin Buba ka dawo, suna nan suna jiranka."

Na ce, "To, ya je?"

Goggo ta ce ta dai ga ya fita ya tsaya a bakin layi yana kallon hanya, ita kuma wutar gashi na jiranta, ba ta tsaya ganin inda ya nufa ba.